Kazar Haɓɓanaye

Na san soyayya kuka zo karantawa, to ku yi haƙuri, da kaza za mu fara. Ni ma ban so haka ba. Amma duk ta inda na ɗauko labarin nan sai in tarar da farar kazar nan tsaye a bakin hanya, ba ta kaucewa.

Sunana Safara'u. Mu Fulani ne masu tashi da shanu, can arewa na buɗe ido. Farin nan da aka yi, wanda ya ƙare a shekarar da soja suka karɓi mulki, shi ya cinye mana garke kaf. Muka gangaro da ƙafa, ni da Inna da mahaifina, wanda nake kira Baffa, muka kafa bukka a gefen Badaguishiri, bayan gidajen ƙarshe. Abin da muka iso da shi bai wuce ƙoren Inna ba, da sandar Baffa, da dangwali.

Wanda bai san dangwali ba, igiya ce doguwa da ake ɗaure maruƙa, kowane ɗan maraƙi da nasa hancin igiyar. Tamu da ɓawon kuka aka tufka ta, kakana ya fara, Baffa ya ƙara mata tsawo. Ba maraƙi ko ɗaya, amma da muka sauka sai da ya kafa turaku ya miƙe ta yamma da bukka, yadda ake yi a ruga. Nan yake wuni zaune kusa da ita, ba ya magana sai sallah ta tashe shi.

Sai ga wani dillalin shanu na Konni, Maikano, yana neman makiyayan da za su riƙe wa masu kuɗi dabbobi can kudu, bayan iyaka. Baffa ya amsa masa. Da ruwa ya sauka, za mu naɗe dangwali mu bi shi.

Ni kuwa ba na son tafiyar nan ko kaɗan. Kun riga kun gane dalili, amma bari in faɗa da bakina: Lurwanu.

Mai lambun albasa ne a fadama. Dogo, baƙi, da wata malfa da gefenta ya zare, ba ya rabuwa da ita. Ranar kasuwa nake kai faifan da nake saƙawa, shi kuma kullum sai ya zo ya sayi ɗaya. A lokacin ban san abin da gida guda yake yi da faifai masu yawa haka ba. Ku 'yan yanzu kuna da waya. Mu albasa ce wayarmu. In na fito da safe na ga kan albasa rataye a ƙayar bayan bukkarmu, to ya wuce ta nan, yana gaisuwa. In biyu ne, yana son in tsaya a rijiyar fadama. Ni kuma sai in ɗaura baƙin saƙina mai jan baki, in goge 'yan kunnen tagullan da suka rage mini da toka, in ɗauki tulu kamar ƙishirwa ta kama gidan.

Maganar turo magabata kuwa ba ta taso ba. Wa za a turo wa? Mutumin da ƙafarsa ɗaya ke kan hanya? Ga shi Baffa ba ya karɓar komai daga hannun mutanen gari. An taɓa aiko mana da damin gero, ya sa na mayar da shi a kaina, ina tafe ina jin yunwa.

Wata ranar kasuwa Lurwanu ya tsuguna gaban faifaina yana juya ɗaya.

“Safara'u, in tambaye ki mana. Ku, in shanun mutum sun ƙare, mi ake yi mishi?”

“Haɓɓanaye,” na ce.

“Mi ke nan?”

Na yi masa bayani. Wanda yake da shanu zai ɗauki karsana ya ba ka aro. Ka riƙe ta, ta haihu sau uku, 'ya'yan naka ne, uwar ka mayar wa mai ita. Ba sadaka ba ce, ba a jin kunyar karɓarta, kuma ba a ƙin ta. Ana kula da ita fiye da taka ta gado.

“Dole sai saniya?”

“Akuya ma ana yi. Tunkiya ma.”

“Uhm,” ya ce. Ya biya faifan ya tashi. Na bi shi da ido ina cewa a raina, wannan mutum me yake ƙullawa?

Ba a yi kwana nawa ba, da hantsi, sai ga sallamar mace. Iya Zalika ce, mahaifiyar Lurwanu, gajera mai ƙiba, ta yafa zanen atamfa shuɗi, goro a kumatu, farar kaza a hammata. Inna ta shimfiɗa mata tabarma. Ni na shige bukka na manna ido a jikin zana.

Bayan gaisuwa ta juya wajen Baffa. “Malam Hamma, kaza na kawo maka.”

Baffa bai ɗago ba. “Mun gode. Muna da abin ci.”

Ƙarya ce, amma haka yake cewa kullum.

“Wa ya ce ta ci ce? Haɓɓanaye na kawo. In ta yi ƙyanƙyasa uku, ka maido mini da abata.”

Kalmar ta fito a karkace a bakinta, amma ta fito. Inna ta sa gefen mayafi ta rufe baki, ban sani ba dariya ce ko kuka. Ni dai na ce shi ke nan, yau Baffa zai ce an zo har gida an yi masa ba'a.

Ya daɗe yana kallon kazar, kazar ma tana kallonsa da ido ɗaya. Can sai ya miƙe, ya gyara rawaninsa, ya miƙa hannu biyu ya karɓe ta, yadda ake karɓar igiyar karsana.

“Na karɓa,” ya ce. “Allah ya ba ni ikon riƙon amana.”

Tun kafin Iya Zalika ta kai gida ya raɗa mata suna, Raneye, sunan da muke kiran farar saniya. Na fito ina murna a ɓoye, ina ganin an gama, tafiya ta fasu. Sai na ji yana ce wa Inna da Fulatanci, “In ruwa ya sauka a kwando za ta bi mu. In ta cika uku, in aiko da ita.” Murnar ta koma ciki.

To yanzu ina za ta kwana? Mu ba mu taɓa kiwon kaza ba. Wanda ke tashi kullum ina zai kai ta? Daren farko a bukka ta kwana, bisa ƙoren Inna, ta kuma bar mana shaida. Da safe Inna ta ce ko ita ko kazar.

Ni aka tura cikin gari in gano yadda ake yi. Wallahi ban taɓa sanin akwai ilimi a ɗakin kaza ba. Na shiga gida-gida ina leƙe, mata suna yi mini dariya. Wani akurkin na laka ne kamar ƙaramin rumbu, wani tsohon tulu ne aka kwantar, wani kwando ne kawai aka kife aka danne da dutse. Ina ta tambaya. Me ya sa wannan yake bisa duwatsu? Me ya sa ƙofar ƙarama haka? Waɗannan ramukan na sama na mene ne? Daga ƙarshe na dire gidan Iya Zalika, kaina a ƙasa don kunya. Ɗakinta kuwa, faifaina ne jere a bango har sama.

“Zamna, ɗiyata,” ta ce. “Ki ɗora shi bisa duwatsu don ruwa da gahiya. Ƙohwa ta dubi yamma, hadari daga gabas shika zuwa. Ki bar 'yan ramu sama ya sha iska, amma kar su kai girman kan maciji. Ki zuba toka ciki saboda ƙuma. Ki sa mata tsohuwar tukunya da yayi, nan za ta yi ƙwai. Wurin kiwonsu kuwa, in ɗiya sun zo, a ruhe sama.”

“Sama kuma?”

“Sama hwa. Kin ji na gaya miki.”

Na dawo na kwashe duka na faɗa wa Baffa. Ya saurara sosai, abin da rabonsa da yi tun arewa. Ƙofa ta dubi yamma, ya ce daidai, bukka ma haka take. Duwatsu da toka, bai musa ba. Sai ya ɗauki sandarsa ya zagaya bayan dangwali, ya ja zane a ƙasa. Na bi zanen da ido, na ga ya tafi, ya tafi, bai dawo ba sai da ya kewaye filin da zai ɗauki shanu goma.

“Baffa, kaza ɗaya ce fa.”

“Za ta haihu.”

“Iya Zalika ta ce a rufe sama.”

Ya dube ni kamar na yi saɓo. “Ke, dabba ake hana wa ganin sama? Kurkuku za mu gina mata? Abin da ke cin dabba ta ƙasa yake zuwa. Kura, dila, ɓarawo. Ƙaya ce maganinsu.”

“Ke” yake ce mini, don ni ce 'yar fari, ba ya kama sunana.

Haka aka yi. Ni na kwaɓa laka na gina akurki a tsakiya, Iya Zalika tana zuwa tana gyara mini baki. Shi kuma ya shiga daji yana saro ƙayar magarya, yana jawowa a ka, ya yi shinge mai kauri wanda ko kura ta gani sai ta sake shawara. Ya yi ƙofa da gungume. Da yamma ya tara busasshen kashin jakai ya hura hayaƙi a tsakar filin, yadda ake yi wa shanu saboda sauro. Raneye ta yi atishawa ta shige akurki. Ya ma taɓa gwada sa ƙafarta a hancin dangwali, ta zare ta yi gaba abinta. Yaran gari suka riƙa zuwa kallo, ana cewa Bafillace ya yi wa kaza garke.

Ku yi dariya, ni ma na yi. Amma mutumin da ya yi watanni ba ya cin tuwo sai an roƙe shi, ga shi yana tashi da asuba yana tono gara a cikin kasko yana kawo mata. Yana yi mata irin kiran da yake yi wa shanu, tana kuwa zuwa. Da zakaran maƙwabta ya fara shawagi, Baffa ya tsaya ya ƙare masa kallo, ƙafa da ƙirji, kafin ya janye gungumen ya bar shi ya shiga.

Wata safiya na samu albasa biyu a ƙaya, na je rijiya.

“Yaya garkenku?” in ji Lurwanu, yana danne dariya.

“Dabararka ce ko?”

“Kazar Iya ce.”

“To dabararka ba ta yi ba. Ya ce a kwando za ta bi mu.”

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya cire malfar yana juya ta a hannu. “In kun tahi, zan biyo.”

“Ka bar wa wa lambun da tsohuwa?”

Na cika tuluna na tafi, ban waiwaya ba, don ban so ya ga idona.

Raneye ta yi ƙwai, ta kwanta, ta ƙyanƙyashe ana cikin tsananin zafin bazara. Kada ku tambaye ni nawa ne, a gidanmu ba a ƙirga dabba. Baffa da ido ya san su: mai ɗigo a ka, mai jan baya, mai tsiwa, ƙaramar da kullum take baya. Gabas kuwa ta fara haɗa gira da yamma. Maikano ya aiko cewa ranar kasuwa mai zuwa kamyonsa, babbar motar kaya, zai tsaya a bakin hanya, wanda ya shirya ya hau.

Ina tankaɗe da hantsi na ji Raneye ta yi wata irin ƙara. Inuwa ce kawai na ga ta gilma. Kafin in miƙe shaho ya yi sama da mai jan baya.

Baffa ya fito da sanda a guje. Ya zagaya shingen yana duba ƙasa, yana neman sawu, yana neman inda aka ɓarke ƙaya. Ba ko ɗaya.

“Ta ina?” ya ce.

Na nuna masa sama. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, baki a buɗe.

Washegari ya fara kiwo. Ina nufin kiwo na gaske: tsaye cikin garken, sanda a kafaɗa, hannuwa rataye a kanta, rana tana dukansa, idonsa a sama. Duk inda 'yan tsakin suka yi yana biye. Shahon ma yana can bisa gawo yana jira, kowa ya san da kowa. Da Baffa ya juya gabas ya ta da sallar azahar, aka ɗauke mai ɗigo a ka.

Na ce masa mu rufe da zana. Ina zanar? Shekarar nan ko karan gero ba a bari a gona ba, dabbobin da suka rage sun cinye, saura an dafa abinci da shi. Ko da akwai, wace zana ce za ta rufe filin shanu goma? Na ce to a rage filin, ko a kulle su cikin akurki. Ya ce bai karɓi amana don ya ɗaure ta cikin duhu ba.

Ana gobe kasuwa ya shiga gari don su ƙarasa magana da mutumin Maikano, ya bar ni gadi. Na rantse muku ban matsa ba. Amma shahon nan ya sauko ta bayana, Raneye ta tashi ta tare shi da ƙirji. Na yi kansu da muciya ina ihu. Ya tafi hannu wofi, ita kuma ya bar ta da yaga a gindin fiffike, jini ya ɓata farin gashin.

Baffa ya dawo ya tarar ina wanke mata da ruwan gishiri. Bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauke ta, ya sa ni gaba har gidan Iya Zalika, don in dabbar haɓɓanaye ta samu rauni, dole mai ita ya gani da idonsa. Ban taɓa ganin ya shiga gidan wani a garin nan ba sai ranar.

Iya Zalika ta duba ta ce, “Wanga ai ba komi, Malam Hamma, za ta warke. Shaho kuwa kowa yana ba shi nashi. Ni bara rabi ya kwashe mini.”

“Naki ne, kina iya ba shi,” in ji Baffa. “Wannan a hannuna take.”

“To a hanya hwa? Cikin kwando, bisa kamyo, da ɗiya ƙanana da wanga zahi?” Ta tofar da goro gefe. “Ni ban ce komi ba. Amana taka ce.”

Muka dawo gida da ita.

Ranar kasuwa na tashi na ga ba albasa a ƙaya. Na leƙa yamma, sai na ga Baffa durƙushe yana girgiza turken dangwali. Ya tumɓuke na kudu, ya je ya tumɓuke na arewa. A wurinmu in aka cire dangwali, an tashi ke nan, ba sai an faɗa ba. Inna ta gani, ta shiga bukka ta fara jera ƙore cikin raga. Na zauna bisa turmi, na ji duk duniya ta fita raina. Ina son yaron nan, ban taɓa faɗa wa kowa ba, ga shi ko sallama ba za mu yi ba.

Baffa ya jawo igiyar ya zauna a inuwar bukka. Ina jira ya naɗe ta a gwiwar hannu yadda ya saba. Sai na ga ya ciro wuƙa.

Ya kama hancin farko, ya riƙe shi ɗan lokaci, ya ambaci sunan maraƙin da ya kwana a ciki na ƙarshe. Ya yanke ƙullin. Ya kama na biyu, ya ambaci suna, ya yanke. Inna ta fito da ƙwarya a hannu ta tsaya cak. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Sannan ya fara warware tufkar, igiya mai kauri tana rabuwa sili-sili, dogaye, suna taruwa a gabansa.

“Hamma,” in ji Inna a hankali, “ta babanka ce.”

“Na sani. Mayar da ƙorenki.”

Daga bakin hanya aka jiyo kamyon Maikano yana ta oda. Baffa bai ɗaga kai ba. Ya ɗauki sili biyu ya gicciya su, ya ƙulla, ya gwada faɗin ramin da tafin hannunsa, ya dubi garken, ya dubi gawon da shahon yake.

“Ke.”

“Na'am, Baffa.”

“Raga za a yi, daga wannan ƙaya zuwa waccan. Ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma ana son dogo. Je ki fadama ki kira mini mai albasar nan ya riƙe ɗaya bakin.”

Na miƙe, zanena yana neman kwancewa, na ce ban san wanda yake nufi ba.

“Kin sani,” ya ce, yana ƙulla na gaba. “Ki ce masa kuma, ƙayar bayan bukka ta gaji da albasa. Yau ya shigo da ita ta ƙofa, ina da tambayoyin da zan yi masa.”